Kwana shida ko shekaru biliyan: me za mu faɗa wa yaran makarantar Lahadi?

Malama Rifkatu, Agege: Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun Lahadi. Ajina na 'yan shekara tara zuwa sha biyu ne, muna kan Farawa sura ta ɗaya. Na yanka kwali gida bakwai, kowace rana da zanenta, na manna a bango. Da muka zo rana ta huɗu, inda na zana rana da wata da taurari, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in sai rana ta huɗu aka yi rana, da me aka gane gari ya waye a kwana ukun farko?" Kafin in buɗe baki wani ja'iri daga baya ya ce ai janareta Allah ya tayar. Aji ya kwashe da dariya. Da suka lafa na ce mata haske kam tun ranar farko Allah ya yi shi, amma ko kwanakin nan irin namu ne masu awa 24, masu bi sun daɗe suna da ra'ayi daban-daban a kai. Yarinya ta kai magana gida. Jiya mahaifinta ya kira ni, ya ce na sa wa 'yarsa shakka, kuma duk malamin da ya ce wa yaro kwana shidan nan ba lallai kwana shida ba ne, ya fara rushe masa bangaskiya. Ku gaya mini tsakani da Allah, haka ne?

Baba Ishaku, Obalende: 'Yata, ba don in ɓata miki rai ba, amma mahaifin yarinyar bai yi ƙarya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nassi ya ce aka yi maraice, aka yi safiya, kwana ɗaya. Haka ya yi ta maimaitawa har sau shida. Ki buɗe Fitowa 20:11, Ubangiji ya ce a yi aiki kwana shida a huta a na bakwai domin shi ma haka ya yi. To in kwanakinsa shekaru miliyan ne, mu namu fa? Yau kin ce wa yaro kwana ba kwana ba ne, gobe shi da kansa zai ce kabarin ma ba kabari ba ne.

Mama Saratu, Mile 12: Ni dai abin da na sani, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ɗan shekara goma ba ya bukatar "wasu sun ce, wasu kuma sun ce". Ki ba shi abu ɗaya ya riƙe. In ya girma ya yi gardamarsa.

Luka, Ikorodu: Mama, ki yi haƙuri in sa baki, domin ni ne nake karɓar yaran nan bayan kun gama tanƙwara su. Bayoloji nake koyarwa a sakandare, kuma juyin halitta, wato koyarwar cewa halittu suna sauyawa daga wani iri zuwa wani a tsawon zamani, yana cikin manhajar WAEC, ba ni na sa shi ba. Yaron da aka gaya masa a coci cewa duniya shekara dubu shida take, ranar da ya zauna a ajina sai ya zaɓa: ko malamar Lahadi ta yi masa ƙarya, ko ni. Kuma wayar da ke hannunsa tana bayana.

Ba sai mun je ƙasar Turawa ba ma. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Tsawonsa ya haura mita takwas. Aka gwada iccen a Jamus, aka samu ya kai shekara dubu takwas. Wani ɗan Adam ne ya sassaƙa shi da hannunsa a ƙasarmu, shekara dubu biyu kafin ranar da wasu ke cewa an halicci duniya. A Nijar kuwa, wajen Agadez, ƙasusuwan dainoso ne kwance a hamada. Me zan ce wa ɗalibi? Shaiɗan ne ya binne su? Na taɓa jin wani ya faɗi haka a gaban yara, kunya ta kama ni.

Baba Ishaku, Obalende: Luka, kai kana nan lokacin da aka sassaƙa kwalekwalen? Na'ura ce ta faɗa maka. Ni kuma Wanda yake nan ne ya faɗa mini.

Fasto Bulus, Ojo: Baba, ranka ya daɗe, bari in raba abu biyu da suka cuɗe. Adadin nan na shekara dubu shida babu shi a ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki. Wani bishop ne na ƙasar Ailan, Yakubu Asha, ya tattara shekarun da ke cikin jerin zuriya a 1650, ya fitar da cewa halitta ta faru a 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga baya aka riƙa buga lissafinsa a gefen shafin Baibul na Turanci, har mutane suka ɗauka shi ma aya ne. Alhali jerin zuriya a Nassi yakan tsallake sunaye. Matiyu 1:8 ya tashi daga Yoram ya dira kan Uzziya, ya bar sarakuna uku a tsakani: Ahaziya, Yowash da Amaziya. Ba kuskure ba ne, haka Yahudawa ke rubuta asali. Kamar mu ce wane ɗan wane ne alhali jikansa ne.

Tambayar yarinyar nan kuwa, Malama Rifkatu, ki gaya mata ta shiga sahun manya. Orijen na Iskandariya, malamin ikilisiya, ya yi ta tun ƙarni na uku. Ogustin na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a 430, yana ganin Allah ya halicci kome a lokaci guda, kwanakin kuma tsari ne na bayani. Har ya ja kunnen masu bi kada su riƙa faɗin shirme kan sama da ƙasa a gaban wanda ya san abin, su ce Nassi ne ya koya musu, domin sai mai jin ya raina Nassin gaba ɗaya. Su biyun 'yan Afirka ne, kuma sun riga Darwin, mai koyarwar juyin halitta, da shekara fiye da dubu. Ba tsoron kimiyya ya sa su faɗi haka ba, karatun ayar ne.

Baba Ishaku, Obalende: Fasto, na ji batun bishop ɗin, kuma na karɓa, ban taɓa ganin adadin a Baibul ɗina na Hausa ba. Amma ba a kan lissafi nake tsaye ba. Romawa 5:12 ta ce ta wurin mutum ɗaya zunubi ya shigo duniya, mutuwa kuma ta biyo shi. 1 Korintiyawa 15:22 ta ɗaura Adamu da Almasihu da igiya ɗaya. Luka 3:38 ya kai asalin Yesu har kan Adamu. In dabbobi sun yi shekaru miliyan suna cin juna suna mutuwa kafin Adamu, har wani biri ya miƙe ya zama mutum, ina faɗuwa? In babu faɗuwa, me ya kai Ubangijina kan gicciye? Ku amsa mini wannan, ku bar kwalekwale.

Danjuma, Ajah: Ni mai gadi ne, ban yi boko mai zurfi ba. Amma duk wanda ya ce kakana biri ne, sai mun je gaban dattawa.

Luka, Ikorodu: Yaya Danjuma, kwantar da hankalinka, littafin ma bai ce biri ya haifi mutum ba. Cewa ya yi mu da birai manya tushenmu ɗaya ta fuskar jiki, can baya, sannan kowa ya kama hanyarsa.

Danjuma, Ajah: Wato 'yan'uwan juna. Ai ka ƙara ɓata lamarin.

Hannatu, Idi-Araba: Ku bar ni in kawo abin da nake gani a wurin aiki, ni nas ce. Kafin a ɗaura aure a ikilisiyarmu sai an kawo takardar gwajin jini, ko ba haka ba Baba? Saboda sikila. To me ya sa sikila ta yi yawa a wajenmu ba ta yi yawa a Ingila ba? Mai jinin AS, wato wanda ya gāji sikila daga ɗaya cikin iyayensa kawai, yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da sauro ke kashe yara, masu AS sun fi rayuwa su haihu, sai jinin ya yaɗu a zuriya. Kulorokwin da muka sha muna yara, mai sa ƙaiƙayin nan, gwamnati ta daina ba da shi a matsayin magani na farko tun wajen 2005, domin ƙwayar cutar ta sauya ta daina jin sa. Wannan shi ne abin da Luka ke koyarwa, kuma da shi muke duba marasa lafiya kullum. Ban taɓa jin ya hana ni addu'a kafin in shiga ɗakin haihuwa ba.

Baba Ishaku, Obalende: 'Yata, ƙwayar cuta ta sauya ta zama ƙwayar cuta. Mutum mai AS mutum ne. Farawa ta ce kowane bisa ga irinsa, ba ta ce ba za a samu baƙin akuya da farin akuya ba. Ranar da kika ga sauro ya zama tantabara ki kira ni.

Luka, Ikorodu: Baba, ba wanda zai gani da idonsa, kamar yadda ba wanda ya taɓa zama ya ga kuka tana girma. Shekarar duniya wajen biliyan 4.5 ce, mu kuma tamanin ke gagararmu. Daga ƙasusuwa da ƙwayoyin gado ake karanta juyin halitta. Kuma wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, Faransis Kolins, Kirista ne da ba ya ɓoye bangaskiyarsa. Wanda ya fara kawo ra'ayin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam. Wannan rigima ta ko Allah ko kimiyya a Amurka ta fi zafi, can ne aka gurfanar da malamin makaranta a kotu a 1925 a jihar Tenesi don ya koyar da juyin halitta, can ne kuma aka gina jirgin Nuhu na katako a Kentaki ana biya a shiga. Bidiyoyinsu ne yaranmu ke kallo, na ɓangarorin biyu.

Fasto Bulus, Ojo: Tambayar Baba kan mutuwa ita ce mai nauyi a duk abin da aka faɗa, kada mu bi ta gefenta. Ƙarshen ayar nan ta Romawa cewa ya yi mutuwa ta bi dukan mutane. Maganar mutane Manzo Bulus yake yi, ba ta kifi ko ciyawa ba. Shi ya sa akwai masu bi da suka yarda duniya ta daɗe ƙwarai, amma suka riƙe cewa Adamu mutum ne na gaske, Allah ya hura masa numfashi, ya yi tawaye, mu kuma muka gāda. Ni a nan nake tsaye. Inda na rabu da wasu abokan Luka shi ne masu cewa Adamu misali ne kawai. Ban iya karanta Romawa 5 haka ba. Inda na rabu da Baba kuwa shi ne sanya tsawon kwana a layi ɗaya da tashin Yesu daga matattu. Bulus ya ce in Almasihu bai tashi ba bangaskiyarmu banza ce. Bai faɗi haka kan awa 24 ba.

Mama Saratu, Mile 12: Duk na ji, amma ku sauko ƙasa. Yaran nan Hausa a coci, Turanci a makaranta, Yarbanci a layi. Abin da nake tsoro shi ne labarin Allah ya koma musu kamar na Gizo da Ƙoƙi, abin da Mama ke faɗa da Hausa, gaskiya kuma tana littafin Turanci. Mu ma da laifinmu. Muna zana jirgin Nuhu kamar kwando, raƙumin dawa ya leƙo da kai yana murmushi, ba mu faɗa musu labarin hukunci ba ne. Yaro ya kai sha biyar ya ajiye shi tare da kayan wasansa.

Hannatu, Idi-Araba: Mama, nan kam mun haɗu. Ni abin da ya kusa raba ni da coci ina aji uku ba Darwin ba ne. Tambaya na yi, aka ce in rufe baki, mai tambaya irin wannan aljani ke damunsa. Shekara biyu ban sake ɗaga hannu ba.

Malama Rifkatu, Agege: Na gode muku. Baba, na ji tsoronka, kuma na yarda da Mama cewa na cika wa yarinyar kai, da na fara da abin da babu gardama a kansa: Allah ne ya yi, da nufi ya yi, ya kuma yi ta cikin kamanninsa. Amma ba zan koma in ce mata babu mai bi na gaske da ya taɓa karanta kwanakin ta wata hanya ba, domin ƙarya ce, kuma wata rana za ta gano. Mahaifinta ya ce zai zauna a ajina ran Lahadi. Baba, in ƙafa ta bari, ka zo kai ma.

Baba Ishaku, Obalende: Daga Obalende zuwa Agege da safiyar Lahadi ba wuya, hanya a buɗe take. Zan zo. Amma ki sani da Baibul ɗina zan zo, kuma in yarinyar ta tambaye ni, kwana shida zan ce mata.

Danjuma, Ajah: Yaron nan mai janareta fa, a ajiye masa biskit.

Mama Saratu, Mile 12: Ku duba jadawali kafin ku yi alkawari. Mako mai zuwa Kayinu da Habila ne. Duk wanda zai zo ya zo da amsar inda Kayinu ya samo mata, don yarinyar nan ba za ta bar ku ba.