Aksolotil ɗan wata 7 ya tsaya a santimita 11: tsumburewa ce?

Sabon Shiga:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Aksolotil ne gare ni, wato dabbar ruwa dangin kwaɗo mai wutsiya da ƙafa huɗu, ɗan wata 7, tsawonsa santimita 11, kuma wata biyu ke nan bai ƙaru ba. Yana cikin tankin gilashi mai lita 40 tare da wani da ya fi shi girma, ruwan yana kai digiri 23, abincinsa jar tsutsa daskararriya. Ƙanƙantar tankin ce ta hana shi girma? Kuma iya ina girmansu yake tsayawa?

Mai Tanki:
Wa alaikumus salam. Babban aksolotil yakan kai santimita 15 zuwa 45, amma yawancinsu suna tsayawa wajen 23, kuma da wuya a ga wanda ya wuce 30. Yana ƙyanƙyashewa da kusan santimita 1, ƙafafun gaba su fara fitowa, na baya su biyo. Saurin girmansa duk a shekarar farko yake, daga nan sai ya riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan.

Naka ya yi baya, amma ba faɗin gilashin ne ya matse shi ba. Maganar da ake yi cewa dabbar ruwa tana girma daidai da mazubinta ba haka take ba. Ruwa kaɗan saurin ɓaci yake yi: kashin dabba biyu a lita 40 yana tara amoniya, wani sinadari mai guba, ita kuma tana ƙona rassan numfashin da ke gefen kansa, sai cin abinci ya ragu. Ka auna ruwan. A ma'aunin gwajin ruwa, amoniya da naitirayit su zama sifiri, naitiret kada ya wuce 20; waɗannan biyun na ƙarshe sinadarai ne da amoniya ke rikiɗewa ta zama. Ka riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk mako, da ruwan da aka cire wa kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo. Babba guda ɗaya yana buƙatar lita 75 aƙalla, kuma tanki mai tsawo ya fi mai zurfi, don a ƙasa yake rayuwarsa.

Uwar Tana:
Ɗan'uwa, ni abincin ya fi damuna. Jar tsutsa ta 'yan ƙanana ce, ba ta riƙe wanda ya kai wannan girman. Ka koma ba shi tana, a wanke ta, a yanka gunduwa-gunduwa yadda kowace ba za ta wuce faɗin kansa ba. Kullum sau ɗaya har ya kusa shekara, sannan a rage zuwa sau biyu ko uku a mako. Abin da bai ci ba cikin minti 15 a kwashe.

Ka leƙa shi ta sama: cikinsa ya kamata ya yi faɗi daidai da kansa. In kan ya fi cikin faɗi sosai, rama ce.

Sannan ka raba su yau ɗin nan. Babban yana riga shi abinci, kuma suna kai wa duk abin da ya motsa cafka. Ƙafar da aka cije takan sake tsirowa, amma ƙarfin da zai tafi girma can yake tafiya.

Mai Ma'auni:
Malamai sun yi bayani, sai dai digiri 23 ɗin nan kada a tsallake shi. Asalinsu tafkin Sochimilko ne na birnin Meziko, ruwa mai sanyi. Suna son 16 zuwa 18, in ya haura 24 kuwa cuta da mutuwa ke biyo baya. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, ga shi jikin yana ƙona abinci da sauri. Ƙaramar fanka mai busa saman ruwan tana rage digiri biyu ko uku. A sauke zafin ruwan a hankali, kada a zuba ƙanƙara kai tsaye.

Ka duba ƙasan tankin ma. Tsakuwa sukan haɗiye ta, ta toshe hanji, cin abinci ya tsaya. A wannan girman a bar ƙasan haka nan, yashi mai laushi sai ya kai santimita 15.

Wajen awo, kada ka kama shi da hannu. Sa shi a roba mai gani-har-hanji da ruwan tankinsa, ɗora ta kan rula, ɗauki hoto daga sama, daga baki zuwa ƙarshen wutsiya. Sau ɗaya a wata ya isa. In ka gyara ruwa da abinci, wata biyu suka wuce ba ƙari, ko ka ga yana yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa, a kai shi wurin likitan dabbobi.