BVAS ta ƙi karɓar mutum, ko sakamako ya ƙi hawa intanet: laifin na'ura ne ko na mutane?

Ɗan Kasuwar Wunti:
Assalamu alaikum jama'a. Tun zaɓen 2023 maganar nan ta ƙi mutuwa a majalisun Bauchi. Wasu na cewa tun kafin a fito an riga an saita na'urar BVAS da ake amfani da ita a rumfunan zaɓe, duk wanda ka dangwala wa, wanda ake so za ta ƙirga. Wasu kuma sun rantse ba za su sake bin layi ba. Ina roƙon waɗanda suka san aikin su fayyace mana: me BVAS take yi takamaimai, me ke sa ta gaza, kuma idan ta gaza ana iya sace zaɓe ta nan?

Malamin Kwamfuta, Yelwa:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A fara raba tsaki da tsakuwa. BVAS ba ta ƙirga ƙuri'a, ba ta ma san wanda ka zaɓa ba. A zaɓukan da INEC ke gudanarwa takarda ake dangwalawa, a jefa a akwati, a ƙirga da hannu a gaban jama'a. Na'urar da ake latsawa a kaɗa ƙuri'a kai tsaye daban take, irin wadda Kaduna ta yi amfani da ita a zaɓen ƙananan hukumomi na 2018 da 2021.

Aikin BVAS biyu ne. Na farko tantancewa. Kafin ranar zaɓe ana loda mata rajistar rumfa guda kaɗai, don haka wannan aikin ba ya buƙatar sabis ko kaɗan. Jami'i zai nemo sunanka ta hanyar karanta lambar da ke jikin katinka, ko ya shigar da lambobi shida na ƙarshe na lambar rajistarka, ko ya nemo da sunan mahaifi. Sai ka ɗora yatsa. In yatsa ya ƙi, a ɗauki fuska. In duka biyun sun ƙi, ba ƙuri'a. Wannan shi ne bambancinta da kad rida, na'urar karanta kati ta 2015, wadda ta ƙi karanta katin shugaba Jonathan kansa a Otuoke. A lokacin in na'ura ta ƙi ka sai a cike maka fom ka yi zaɓe, kuma ta wannan ƙofar aringizo ya riƙa shigowa.

Abin da ke sa yatsa ya ƙi ba boyayye ba ne. Zaɓen mu yakan faɗo a ƙarshen hunturu, fata ta bushe ta tsattsage. Manomi da magini da mai wanki da dattijo, zanen yatsunsu ya riga ya goge. Ga maiƙo da ƙura da ke taruwa a kan gilashin bayan mutum hamsin sun taɓa. Maganin shi ne a goge gilashin da ƙyalle mai laushi a kai a kai, mai busasshen yatsa ya ɗan jiƙa ya goge, a kuma gwada wani yatsan kafin a yanke ƙauna. Ita kuwa fuska, yawanci haske ne matsalarta. In rana na bayan mai zaɓe, fuskar za ta fito baƙi ƙirin. A juya shi ya fuskanci haske, a cire tabarau, a ɗan ja hula baya. Wanda ya yi rajista tun 2011 kuma, hotonsa na wancan lokacin ake gwadawa da fuskar yau, ga gemu ga furfura, dole ta ɗan yi jinkiri.

Aiki na biyu shi ne ɗaukar hoton takardar sakamako, fom EC8A, a tura IReV, shafin intanet na INEC inda jama'a ke duba sakamako. Wannan ne ke son sabis.

Uwar Marayu, Azare:
Malam ya yi bayani, Allah ya saka. Amma ƙanena, ka tsallake inda mata ke shan wahala. Ana yawan jan kunnen mata su guji ƙunshi mai kauri a kan yatsu gab da zaɓe, kuma shawara ce mai kyau, a isar da ita gidaje tun da mako biyu. Mai niƙabi kuma in yatsa ya ƙi sai ta buɗe fuska, to a samar da gefe guda da jami'a mace, in ba haka ba juyawa za ta yi ta tafi gida. Sannan layin mata a Katagum ba ƙarami ba ne. An ce a buɗe rumfa 8:30 na safe, duk wanda ke kan layi kafin 2:30 na rana sai ya yi zaɓe. Amma in kaya ba su iso ba sai azahar, batir kuma ya fara ja, mai goyo ba za ta kai magariba a tsaye ba. Ita wannan a wurinta na'ura ce ta hana ta, ko da kuwa motar kaya ce ta makara.

Mai Nazarin Dokar Zaɓe, Tudun Wadan Gombe:
Hajiya ta taɓo wurin. Game da mutuwar na'ura, Dokar Zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka yi zaɓen 2023, ba ta bar shakka ba. In ta lalace, jami'in rumfa zai dakatar da aiki ya kira mai gyaran da aka ajiye a matakin mazaɓa, a gyara ko a kawo wata da aka loda wa rajistar wannan rumfar. In ba a samu ba, sashe na 47 ya ce a soke, a sake cikin awa 24 matuƙar ƙuri'un wurin za su iya sauya sakamako. Ba a yarda a koma duba sunaye a takarda kawai ba. Duk wanda ya ce "a yi haƙuri a ci gaba da hannu", ya jawo wa rumfar sokewa ne, domin sashe na 51 ya ce in ƙuri'un da aka kaɗa sun fi adadin da aka tantance, sakamakon ya rushe.

Amma ni ban yarda a wanke hukumar da bayanin fasaha ba. Kafin 25 ga Fabrairun 2023 an yi ta nanata wa mutane cewa za su ga sakamakon rumfarsu a IReV nan take. Ranar ta zo, na 'yan majalisa na hawa, na shugaban ƙasa ya ƙi hawa na tsawon sa'o'i, daga na'ura ɗaya, a rumfa ɗaya. Hukumar ta ce tangarɗa ce a tsarin manhajar da ke karɓar sakamakon shugaban ƙasa. A fasahance hakan na iya faruwa, amma wannan gwajin ya kamata a yi shi kafin ranar, da rumfuna sama da 176,000 a lissafi. Daga baya Kotun Ƙoli ta ce IReV shafin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba. Mutumin da aka ce wa wannan shafin ne garkuwar ƙuri'arsa, yaya zai ji? Fitowar masu zaɓe a ranar ma ba ta kai kashi 30 cikin ɗari ba. A Jamus kotun tsarin mulki ta hana amfani da na'urorin kaɗa ƙuri'ar da suke da su a 2009, hujjarta ita ce dole talakan da bai san kwamfuta ba ya iya bin diddigin ƙirga da idonsa. Hujjar nan ta zauna daram a kanmu.

Ɗan Kasuwar Wunti:
To Malam, ke nan ta ina ɓarnar take shiga, kuma me ejan, wato wakilin jam'iyya a rumfa, zai riƙe?

Malamin Kwamfuta, Yelwa:
Tsakanin rumfa da wurin tattarawa, Alhaji. Mutanen Bauchi ba su manta 2019 ba, da rigimar sakamakon Tafawa Ɓalewa ta sa aka ce zaɓen gwamna bai kammalu ba. Takarda ce aka yi rigima a kanta.

Da safe ejan ya nemi a nuna masa fuskar na'urar, ya ga adadin waɗanda aka tantance sifili ne. Bayan an tantance mutum na ƙarshe, ejan ya sake dubawa, ya rubuta adadin, ya tabbatar shi aka sa a EC8A. Sai lissafi: ƙuri'un jam'iyyu a haɗa da waɗanda suka lalace, jimlar kada ta wuce wannan adadin. Kada ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko wanda aka kankare ba tare da jami'i ya sa hannu a gefen gyaran ba. Ya tsaya har a ɗauki hoton a shimfiɗe, kusurwa huɗu duk sun fito, hatimi da sa hannu na karantuwa. In dare ya yi a haska da tocila daga gefe, don in aka haska daga sama takardar ƙyalli take yi, lambobin su ɓace. Ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoton wanda aka manna a bango.

A ƙauyukan Ningi ko tsaunukan Toro inda sabis ke wuya, hoton na zaune a cikin na'urar har a fito inda zai tafi, don haka ejan ya raka ta zuwa cibiyar mazaɓa ya ga an shigar da lambobin nan a EC8B, fom ɗin tattara sakamakon mazaɓa, yadda suke. In ta kai ga kotu, shari'ar zaɓen gwamnan Osun ta 2023 ta nuna cewa na'urar kanta da rajistar rumfa ake son a gabatar, rahoton da aka ciro daga rumbun hukumar bai wadatar ba, tunda mai yiwuwa ba duk bayanan suka gama hawa ba a lokacin da aka buga shi. Saboda haka tun da safe ejan ya rubuta lambar da ke jikin na'urar rumfarsa.