Kekena yana tara zare a ƙarƙashin yadi, don Allah a taimaka

Maman Biyu, Badarawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu sanin keken ɗinki ku kawo min ɗauki, yau kwana uku ke nan ban yi ɗinkin kirki ba.

Butterfly ne baƙi, mai takawa da ƙafa, na mahaifiyata Allah ya jiƙanta. Da shi ta riƙa yi mana kayan sallah muna yara, shi ya sa ko da maigidan ya ce a sayar a cika kuɗi a sayo na lantarki, na ce a yi haƙuri a bar min shi. Ya yi shekara huɗu a rufe, sai da damina ta ɗauke na fito da shi na fara koyo wajen maƙwabciyata. Lafiya lau yake ɗinki har ranar Litinin.

Yanzu in na ɗora yadi na taka, ta sama ɗinki sumul, amma ina juyawa sai in tarar da zare cunkus a ƙasa kamar gemun masara. Wani lokaci ma sai ya cije gaba ɗaya, wili ya ƙi gaba ya ƙi baya, sai na sa reza na yanke. Jiya haka ya ci min hannun rigar anko daidai hammata, ga bikin ƙanwata saura kwana 9, atamfar kuma turmi ɗaya ce, da ni da 'yan biyu za mu fita a ciki. Wallahi sai da na yi hawaye.

Na canza allura, na sake naɗa kwarkwaro. Da na ga a ƙasa zaren yake taruwa sai na ɗaure ɗan notin nan na jikin ƙoshiya da tsinin wuƙa. Abin bai daina ba, sai ma yadin ya fara tattarewa. Maƙwabciyar tawa ta tafi Zariya jinya. In kira mai gyara ne, ko akwai abin da zan iya yi da kaina?

Ummu Sadik, Kawo

Wa alaikumus salam. Ayya, sannu 'yar'uwa. Nawa ma ya taɓa min haka bara, ashe ƙoshiyar ce ta gaji. Na shiga Kasuwar Barci na sayo sabuwa da kwarkwaro biyu, shi ke nan. Ki tafi da tsohuwar a jaka don a ba ki irinta. Allah ya sa a yi biki lafiya.

Baba Mai Gyaran Keke, Tudun Wada

'Yata, kar ki sayi komai tukuna, kuma don Allah ki ajiye wuƙar nan. Hajiya ta Kawo ba ta yi ƙarya ba, ƙoshiya takan lalace, amma tun da masaƙar KTL ta Kakuri ta rufe a 2002 na koma gyaran keke, yawancin waɗanda ake kawo min da wannan ƙorafi ƙoshiyarsu ras take. Zaren da kike gani cunkushe a ƙasa, zaren sama ne.

Ga yadda abin yake. Allura tana sauka da zaren sama, ƙugiyar da ke ƙasa ta cafke shi ta zagaya da shi bayan ƙoshiya. Daga nan ɗan hannun nan mai huda da ke hawa da sauka a goshin keke shi zai janye ragowar zaren sama ya ɗaure ɗinkin. In babu abin da ya riƙe zaren ta sama, maimakon hannun ya janyo na ƙasa sai ya yi ta janyo sabo daga kan sanda, ragowar kuma ta zauna a ƙasa. Saukar allura goma, lanƙwasa goma. Gemun masararki ke nan.

In kina so ki gani da idonki, sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, ki ɗinka a ƙyalle. Ki juya ki ga wane launi ne ya taru.

Abin da ke riƙe zaren sama kuwa su ne faya-fayan ƙarfe biyu da ke gefen hagu na kan keken, wanda teloli ke ce wa tenshan. Idan kin ɗaga ƙafar da ke danne yadi, buɗewa suke yi. Idan kin sauke ta, su matse. Duk wanda ya zira zare ƙafa tana ƙasa, zaren ba zai shiga tsakaninsu ba, a bakinsu zai kwanta, ido kuwa ya ga kamar ya shiga. To ki ɗaga ƙafar, ki zare zaren gaba ɗaya tun daga sanda, ki juyo wili har hannun nan ya kai ƙarshen sama. Kafin ki mayar, ki ninke ɗan tsumma mai tsabta ki ratsa shi tsakanin faya-fayan ki goga. Keken da ya yi shekara huɗu a rufe, ga ƙurar hunturun nan da ke shigowa ko an rufe taga, ba a rasa datti ko guntun zare a wurin, kuma ɗan ƙanƙani ya isa ya hana su haɗuwa. Sai ki zira: tsakanin faya-fayan, ya rataya a siririyar wayar da ke jikinsu, ya shiga hudar hannun, sannan ya gangaro allura.

Ki gwada kafin ki ɗora yadi. Ƙafa a sama, ja zaren, ya taho salin-alin. Sauke ƙafa ki sake ja, ki ji ya yi tauri. In duka biyun ɗaya kika ji, har yanzu bai shiga ba.

Saura notin da kika ɗaure. Sa kwarkwaro a ƙoshiya, ki riƙe bakin zaren ki bar ta tana reto. Ki ɗan girgiza hannu sau ɗaya. Daidai shi ne ta zame kamar tsawon gaɓar yatsa ɗaya ko biyu ta tsaya. In ta ƙi motsi ta yi tsauri, ki kwance zuwa hagu kaɗan-kaɗan, kar ki kai ko kwatan zagaye a lokaci guda. A kan faranti za ki yi, don notin nan in ya faɗi ƙasa ya tafi ke nan.

Anti Tela, Unguwar Sanusi

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni abin da zan ƙara na ƙafa ne, tunda kin ce koyo kike. Yara 6 nake koya wa yanzu, babu wadda ba ta yi wannan ba: wajen tashi ko tsayawa sai keken ya koma baya ba su sani ba. Wilin Butterfly gabanki yake juyowa kullum. Ko rabin zagaye ya yi baya zare yana wuyan ƙugiya, to ya cije, irin cijewar da sai da reza. Ki fara juyo shi da hannun dama, ƙafa ta karɓa, in za ki tsaya kuma ki dafe shi da tafin hannu. Ni sai yarinya ta yi kwana biyu tana taka keke babu zare kafin in ba ta ƙyalle.

Sannan in za ki fara ɗinki, ki jawo zaren sama da na ƙasa kamar tsawon yatsa, ki kwantar da su baya, ki danne da ɗan yatsa har allura ta shiga sau uku. In kin sake su, ƙugiya ce za ta haɗiye su. Haka in kin gama, kar ki fizgi yadi sai hannun nan ya hau sama.

Wace allura kika sayo? Ta keken gida ana rubuta HAx1 a takardarta, gindinta gefe ɗaya a shafe yake. Ta manyan kekunan shago masu mota DBx1 ce, gindinta zagayayye, kuma in kika ce a ba ki guda ɗaya a kasuwa wani sai ya zaro miki kowacce. A Butterfly shafaffen gefen dama yake kallo, ki tura ta sama har ta tokare kafin ki ɗaure, zare ya shiga daga hagu zuwa dama. Atamfa lamba 14 ta ishe ta. Yadin hijabi mai santsi 11, shadda mai kauri ko inda aka ninka da yawa 16.

Hannun rigar kuma kar ki damu. Ki duba ragowar yankanki, ki fitar da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu inda zanen ya dace ki sa a hammatar. Ba mai ganewa, rigar ma ta fi daɗin ɗaga hannu.

Maman Biyu, Badarawa

Alhamdu lillahi! Baba, Anti, Ummu Sadik, Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan mahaifa.

Bayan la'asar na zauna na bi komai a hankali. Na sa ja a sama fari a ƙasa kamar yadda Baba ya ce, na juya ƙyalle, ja ne zalla ya taru. Sai na tuna ranar Litinin ɗin ce na canza zare zuwa ruwan goro saboda ankon, kuma yadi yana danne a ƙarƙashin ƙafa na zira shi, don ina sauri yara sun kusa tasowa daga islamiyya. Tun daga ranar haka nake ta yi.

Da na ratsa tsumma tsakanin faya-fayan, wani guntun koren zare ya fito a dunƙule da ƙura, ya yi baƙi-baƙi. Ni ban taɓa sa kore a keken nan ba. Na Inna ne. Na daɗe riƙe da shi a tafin hannuna kafin in ci gaba.

Ƙoshiyar kuwa ko na girgiza ba ta motsi, sai da na kwance sau uku kaɗan-kaɗan ta fara zamewa. Allura ta gida ce, amma ban tura ta har ƙarshe ba. Yanzu na haɗa rigar Hassana, ciki da waje duk ɗaya. Sai dai ina jin wani ƙas-ƙas a ƙasa wanda da babu. Baba, in zuba mai ne? Akwai man gyaɗa a gida.

Baba Mai Gyaran Keke, Tudun Wada

Madalla 'yata, Allah ya jiƙan Inna. Man gyaɗa kam a'a, daskarewa yake ya zama danƙo ya kama ƙura. Farin man keke za ki nema, duk mai sayar da zare yana da shi.

Ƙarar nan, da wuya in ba guntayen zaren da kika yanka da reza ba ne suka maƙale a bayan ƙugiya. Ɗaga allura sama, cire bel, kwantar da kan keken baya, fitar da ƙoshiya. Za ki ga zoben da ya riƙe ƙugiyar, ki kwance shi ki lura da yadda ya zauna, ki zaro ta. Share hanyar da tsohon buroshin haƙori, har da tsakanin haƙoran da ke jan yadi. Ki shafa yatsa a tsinin ƙugiyar, in kin ji kaushi kamar ta ci karo da allura, wannan kam ki kawo a goge miki. In sumul take, ɗigo ɗaya na mai a hanyar da take bi, ki mayar. Wajen sa ƙoshiya ki tabbatar ɗan yatsanta ya faɗa gurbinsa kin ji ƙas.

Ki fara taka shi a tsumma har man ya daina fitowa kafin ki ɗora rigar Usaina.