Neman shawara: mu biya kuɗin abincin Disney tun daga gida, ko mu riƙa saye idan mun je?

Maman Sadik, Gwarinpa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa kai yara Disney World da ke Orlando. In Allah ya yarda a hutun Agustan bana, 2025, za mu je Amurka ziyarar ƙanin maigidan a Florida, daga nan mu kwana 5 a otal ɗin Art of Animation. Shekara uku ke nan da babansu ya yi musu wannan alkawari, kuma tun lokacin ake tari. Mu shida ne: ni da shi, da Sadik mai shekara 12, da ƙanwarsa mai 10, da mai 6, sai auta mai shekara 2.

Ejan ɗinmu ya ce a bana, 2025, akwai tsarin biyan kuɗin abinci tun kafin a tafi, iri biyu. Ƙaramin, kowane dare ɗaya da ka kwana kana da abinci biyu a wuraren da ake bin layi a karɓa a tire, da abin taɓawa ɗaya: babba dala 59, yaro kusan 25. Babban kuwa, abinci ɗaya na layi, ɗaya na zama a teburi a kawo maka, da abin taɓawa: babba kusan dala 98, yaro kusan 31. Maigidan yana so mu biya babban mu huta. Ni kuma zuciyata ta kasa kwanciya, don na san cikin 'ya'yana. Wanne ya fi mana?

Baban Ilham, Kubwa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kai ku lafiya. Kafin komai, ejan ya gaya miki cewa a wurinsu yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9? Daga 10 babba ne. Wato Sadik da ƙanwarsa kuɗin manya za a biya musu. Auta ba a biya mata, daga farantinku za ta ci. To ga lissafin: manya huɗu da yaro ɗaya a babban tsari dala 423 ne kowane dare, kwana biyar dala 2,115. In aka sa dala a kan naira 1,500, miliyan uku ne da dubu ɗari da saba'in da 'yan kai. Ƙaramin dala 261 a dare, kwana biyar 1,305, ya kusa miliyan biyu. Kuma ba a yarda ki saya wa wasu ki bar wasu ba, ko ki sayi na kwana biyu kawai. Duk wanda ke ɗakin sai ya shiga, kuma na dukkan kwanakin. Ki tambayi kanki: 'yar shekara goman nan za ta ci abincin dala 98 a yini?

Maman Sadik, Gwarinpa:

Wallahi bai faɗa min ba, Baban Ilham. Yarinyar da ko rabin farantin shinkafa sai an yi ta lallashi.

Hajiya Anti, Maitama:

'Yata, zauna ki ji. Sau biyu na je da jikoki, sau ɗaya da tsarin, sau ɗaya babu, don haka abin da na gani da idona zan faɗa miki.

Wannan tsari an yanka farashinsa ne da cikin Ba'amurke, ba da namu ba. Mutumin da ke cin ribarsa shi ne wanda duk inda ya zauna zai zaɓi mafi tsadar gasasshen naman sa, ya kuma karɓi giya, domin duk wanda ya kai shekara 21 an sa masa kofin giya ɗaya cikin kowane abinci idan yana so. Ke da maigidanki lemo za ku sha, ko ruwa. Kin ga tun daga nan kun biya kuɗin abin da ba za ku taɓa ba. Sai batun nama. Karin kumallonsu kusan ko'ina akwai naman alade a gefen ƙwai, dole ki ce a cire. Sauran naman, kaza da sa, kowa da fatawar da yake bi a kan yankan Ahlul Kitabi, ba zan shiga wannan ba, ki tambayi malaminku. Mu a gidanmu ba mu ci, saboda haka kifi muka yi ta ci, da taliya da cuku, da fiza marar nama, da dankali. To waɗannan su ne masu arahar cikin jerin abincin. Ki biya kuɗin naman sa ki ci taliya, ina ribar?

Akwai abincin halal, amma a gidajen abinci na zama ake nema, kuma sai an sanar da su tun da wuri, ba ranar da kika iso ba. Su kansu teburan ana fara kama su kwana 60 kafin zuwa, masu farin jinin kan ƙare nan da nan. Wasu wuraren kuma, kamar cin abinci a cikin fadar Cinderella, tikitin abinci biyu daga cikin na tsarin suke cinyewa a zama ɗaya.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar tafiya. Tikitin da ba a ci ba yana mutuwa da tsakar daren ranar da kika bar otal, ba a mayar da ko sisi. Ni ce ban lissafa da kyau ba: jikokina saboda zafi ba sa son abinci mai nauyi, ruwa da askirim kawai suke nema, sai ga mu ranar ƙarshe da ragowar tikiti tuli. Na tsaya a shagon otal ina cika leda da alewa da biskit don kada kuɗin ya tafi a banza, ga jakunkuna sun riga sun cika, ga mota tana jira. Rabin alewar ma da muka dawo Abuja na duba bayan leda na ga akwai jelatin, ban san daga wace dabba ba, ban ba kowa ba.

Zuwa na biyu da muka riƙa biya da kanmu, faranti biyu na manya muke saya wa mutum uku, don zubin abincinsu ba kaɗan ba ne, kuma kowa ya ƙoshi.

Abu Hanifa, Lugbe:

Ina girmama maganar Hajiya Anti, amma bari in tsaya wa Alhaji kaɗan, don na san abin da yake ji. Magidanci da ya kai iyali ƙasar waje, duk abin da aka saya sai ya juya shi zuwa naira a ransa. Yaro ya nuna askirim na dala shida, kai kuma kana ganin dubu tara. Kafin yamma fuskarka ta canza, yara sun lura, tafiyar da aka yi shekara uku ana jira ta koma "a'a, bari sai anjima". Wanda ya biya tun daga gida ya huta da wannan, ya kuma huta da fargabar kati ya ƙi aiki a gaban mai karɓar kuɗi ko dala ta tashi. Kwanciyar hankali ma abin saye ce. Da ni ne, zan ɗauki ƙaramin tsarin.

Maman Amira, Wuse 2:

Abu Hanifa, gaskiyarka a kan kwanciyar hankali, amma akwai hanyar samunta ba tare da asara ba. Su ware kuɗin abincin daban, su sa ƙanin Alhaji ya saya musu katin kyauta na Disney da shi. Ana biya da shi a mafi yawan wuraren abincin da shagunan ciki, kuma abin da ya rage ba ya mutuwa, sai a sayi tsaraba da shi. Sannan ko da babban tsarin ba a rabu da ciro kuɗi ba, domin tukuicin masu kawo abinci ba ya ciki. A Amurka kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin abincin ake bayarwa, kuma teburin mutum 6 zuwa sama kashi 18 ɗin a cikin takardar kuɗi suke sa shi kai tsaye. Abincin dala 250, ki ajiye wata 45 a gefe.

Maman Sadik, kin yi sa'ar otal. Ɗakunan iyali na Art of Animation suna da ƙaramin firij da na'urar ɗumama abinci. Ranar da kuka sauka ku biya kantin Walmart ko na Publix, ku ɗauko burodi, madara, ayaba, tufa, kifin gwangwani, ganyen shayi da katan ɗin ruwa. Karin kumallo ya fita daga lissafi ke nan. Kuma Disney suna barin mutum ya shiga da abincinsa da abin shansa, in dai ba a kwalba ba, ba giya ba, kuma ba wanda sai an ɗumama ba. Ni a jakar goyo nake zuba burodi da kifi da cincin, mu samu inuwa mu ci. Ruwan ƙanƙara a kofi kyauta ne a wuraren layi, tambaya kawai za ki yi. Kofin da ejan zai ce miki ana bayarwa a sha lemo iya sha, a otal kaɗai ake cika shi, ba ya aiki a cikin filayen wasan.

Kada ki raina zafin Agusta a can. Irin na Abuja ne a watan Maris amma da gumi mai danƙo, ga ruwan sama da tsawa kusan kowace la'asar. Zaman teburi yana cin awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma da lokacin da aka ba ku za ku je, ko yara suna jin yunwa ko ba sa ji. Filaye huɗu ne, Magic Kingdom da EPCOT da Hollywood Studios da Animal Kingdom, kwana biyar ba za su ishe ku ku riƙa zaman teburi kullum ba.

Baban Ilham, Kubwa:

Ƙari ɗaya, don an ambaci guzuri. Kada ki ɗauki kilishi ko dambun nama daga nan, ba a shiga Amurka da nama daga Nijeriya. Duk abincin da ke jakarki ki bayyana shi a filin jirgi, ɓoyewar ita ke jawo tara. Naman halal ba wahalar samu yake a Orlando ba, akwai gidajen abincin Larabawa da Turkawa da 'yan Pakistan, ƙanin Alhaji zai san su.

Maman Khalifa, Asokoro:

Ni da masu ƙananan yara nake. Disney sun sanar cewa a 2026 yara 'yan shekara 3 zuwa 9 za su samu tsarin kyauta idan manyan ɗakin sun saya. Mai yara uku a wannan tsakanin lissafinsa daban ne. Amma Maman Sadik ɗaya kawai gare ta, kuma bana za ta.

Maman Sadik, Gwarinpa:

Allah ya saka muku da alheri, ya raya mana zuri'a. Jiya bayan isha'i na zauna da maigidan, na buɗe manhajar My Disney Experience, muka bi farashin wuraren da muke so ɗaya bayan ɗaya, muka rubuta abin da kowane yaro zai iya ci da gaske. Shi da kansa ya ce a fasa tsarin. Za mu karya a ɗaki, rana mu sayi na layi mu raba, dare biyu mu fita cin halal a gari. Zama ɗaya kawai za mu yi na musamman, inda su Mickey ke zagayawa teburi suna gaisawa da yara, saboda 'yar shekara shidan nan ta daɗe tana maganarsa, kuma da kuɗinmu za mu biya. Hajiya Anti, wajen neman halal ɗin nan, a wurin kama teburi ake rubutawa ko sai an kira su?

Hajiya Anti, Maitama:

Ki yi duka biyun, 'yata. Ki kama teburin, ki kira ki sanar da su da sauran kwanaki, ranar da kuka je kuma ki sake faɗa wa mai kawo abincin tun kafin ku zaɓi komai. In kin ga da shakka, ki ce a kira miki mai dafa abincin, yana fitowa har teburi.