Shin akwai bizar ritaya ta zama a Madina?

Tsohon Hedimasta, ƙasar Ringim:

Assalamu alaikum. Na ajiye aikin koyarwa bayan shekara 35, kuma tun ina tsakiyar aiki nake da burin ƙarasa sauran kwanakina a Madina. Ranar kasuwar da ta wuce wani mai yi wa mutane hanyar tafiya ya same ni a rumfar masu taki, ya ce akwai biza ta musamman da ake bai wa 'yan fansho, kuma idan na ba shi fasfo da kafin alƙalami zai kammala komai kafin azumi. Abin da na mallaka shi ne fanshon wata-wata, da ragowar garatuti, da gonar fadama guda ɗaya wadda ya ba ni shawarar sayarwa. Kafin in kira dillali, ina roƙon waɗanda suka san lamarin su gaya mini ko wannan biza gaskiya ce.

Tsohon Direba, Gwaram:

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya cika buri. Ku dakata da maganar gonar tukuna. Na yi shekaru ina tuƙi a Jidda, kuma Saudiyya ba ta da wata biza mai sunan ritaya. Iƙama, takardar izinin zama da yawancin baƙi ke zaune da ita, tana rataye ne da kafili, wato wanda ya ɗauke su aiki, ranar da aikin ya ƙare kuwa zaman ma ya ƙare. Abin da ya fi kusa da buƙatarku shi ne iƙama ta musamman da aka fito da ita a 2019, wadda ba ta buƙatar kafili, amma kuɗinta riyal 800,000 ne a biya sau ɗaya don zama na dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. Tun da dala ɗaya riyal 3.75 ce, ta dindindin ɗin ta haura dala 213,000, ban da shaidar dukiya da ta lafiya da za a nema. Ta intanet ake cike ta kai tsaye wurin hukumar ƙasar, ba ta bi ta hannun kowa a kasuwa.

Abin da nake tsoro shi ne mutumin nan bizar Umara zai yi muku, ya sa mata wani suna. Da ita za ku shiga lafiya, amma wa'adinta na cika kun zama takari, daga nan sai tara, ko tsarewa, ko a maido mutum gida a hana shi komawa. Akwai wani dattijo da muka zauna unguwa ɗaya, mai ciwon suga, wanda ƙafarsa ta kumbura har takalmi ya daina shiga, amma ya ƙi zuwa asibiti don kada a tambaye shi takarda, sai dai ya riƙa ɗaure ta da tsumma. Shi ma gonarsa ya sayar ya taho. Akwai ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya a Kano, ku je ku tambaya da bakinku.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Banki, Bichi:

Baba, maganar Alhaji haka take. Wasu ƙasashen dai suna da irin wannan biza. Hadaddiyar Daular Larabawa tana bai wa wanda ya kai shekara 55 izinin zama na shekara biyar da ake sabuntawa, idan yana da gida ko ajiyar da ta kai dirhami miliyan ɗaya, ko kuma kuɗin shiga mai kauri duk wata. Tailan tana karɓar mai shekara 50 da ya ajiye bat 800,000 a bankin ƙasar. Malesiya ma tana da nata shirin tun 2002, sai dai ta tsananta sharuɗɗansa a shekarun baya-bayan nan.

Dukkansu tambaya ɗaya suke yi: nawa ne ke shigo maka, idan an auna da kuɗin ƙasarsu? A nan ne ɗan fanshon Najeriya yake shan wahala, domin da naira ake biyansa a asusunsa na gida, shi kuwa haya da magani da kuɗin waje zai biya su. Kafin watan Yunin 2023 ana canjin dala a hukumance a wajen naira 460, a cikin 2024 kuwa ta wuce 1,500. Wanda ya yi lissafin zamansa da tsohon canji ya wayi gari kashi biyu cikin uku na ƙarfin fanshonsa ya tafi, ba tare da an rage masa ko sisi ba, kuma duk lokacin sabunta biza sai ya sake nuna shaidar kuɗin. Ga kuma takardar asusun banki ta watanni, da shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, da inshorar lafiya wadda tsadarta ke ƙaruwa da shekarun mutum. Galibi bizar ba ta ba da damar yin aiki. Kafin komai ma, ku tambayi hukumar fanshonku yadda za ta yi da ku idan aka kira tantancewa alhali ba ku ƙasar, don kada a tsayar da biyan.

Tsohon Hedimasta, ƙasar Ringim:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki alƙalami na buga lissafin, na ga ko an haɗa fadamar da gidan da nake ciki ba su kama ƙafar kuɗin ba. Sai dai ina da 'ya da take aure a Madina, mijinta yana aiki da iƙama mai kyau. Ko wannan zai taimaka?

Tsohon Direba, Gwaram:

Ai Malam da wannan kuka fara. Surukinku yana iya nema muku bizar ziyarar iyali, domin ana bayar da ita ga iyayen mai iƙama da iyayen matarsa. Daga can zai cike, ku kuma a ɗauki hoton yatsunku a nan, a haɗa da inshora. Ziyara ce, ba iƙama ba, kuma ba a yin aikin Hajji da ita, saboda haka ku rubuta ranar ƙarewarta ku fito kafin ta cika. Kuna iya tafiya bayan an yi girbi ku dawo kafin saukar damina, fadamar kuma ku bar wa yara su yi noman rani. Idan kun riga kun miƙa wa mutumin nan fasfo, ku karɓo shi a makon nan.