Rezistans ɗin nutur da TC na transfo 5 MVA: a duba mini lissafin nan

Ɗan Zariya2:
Assalamu alaikum manya. Ni ke kula da wuta a wata masana'antar matse man gyaɗa nan Maraɗi, hanyar Dan Isa. Alhaji ya sayo transfo (na'urar rage volt) 5 MVA, 20 kV zuwa 6,6 kV, mai haɗin naɗi Dyn11, saboda manyan motocin lantarki masu juya inji da za a girka. Mai kawo kaya ya ce mu faɗi rezistans ɗin da za a sa tsakanin nutur (mahaɗar naɗi ukun gefen 6,6 kV) da ƙasa don rage wutar da za ta zube, da irin TC (ƙaramin transfo mai auna ampa) da muke so.

Ga abin da na yi. 6600 a raba da 1,732 ya ba ni volt 3810. Ina son wutar da za ta zube ƙasa ta tsaya a ampa 200, wato om 19 ke nan, na daƙiƙa 10. TC kuwa 150/5 (mai mai da ampa 150 zuwa 5) a gefen 20 kV, 500/5 a gefen 6,6 kV, rele 87T guda ɗaya, wato na'urar kariya mai gwada wutar da ta shiga transfo da wadda ta fita. Ɗakin rele yana da nisan mita 60 da transfo. Alhaji na ƙorafin kuɗi, shi ya sa ban sa TC a kan nutur ba. Hakan ya wadatar?

Malam Na-Gazawa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Om 19 daidai ne, ampa 200 ma ba laifi ga motoci, don ƙarancin wutar ne ke hana ƙarfen cikin mota ƙonewa. Amma wurin da ka yi tsimin, nan ne bai tsimuwa.

Ɗauki alƙalami. Cikakken lodin transfonka ampa 144 ne a gefen 20 kV. In waya guda ta taɓa ƙasa a bakin 6,6 kV, ampa 200 ɗinka za su bayyana a gefen 20 kV kamar ampa 38, kashi 26 cikin 100 ke nan. To 87T galibi tsakanin kashi 20 da 30 ake saita shi. Ka ga yana bakin gani ko rashin gani. In kuwa matsalar a tsakiyar naɗin take, wutar ta koma ampa 100, adadin zagayen wayar ma rabi ne, sai abin da rele zai gani ya faɗo ƙasa da ampa 10. Transfo na cin kansa a ciki, rele na zaune lafiya lau, sai dai Buchholz, na'urar da ke gano gas a man transfo, ya ji gas daga baya.

Kai da kanka ka rage wutar da rezistans, don haka dole ka ba rele wani ido. Sa TC a kan nutur, 200/1, ka haɗa shi da na layukan uku a yi 64REF, kariyar da ke gano zubar wuta ƙasa a cikin naɗin. Ka ƙara 51G, rele mai jira kaɗan in wuta na zuba ƙasa, a nutur ɗin, ya buɗe dizonkta (makatsar wuta) tun daƙiƙa 10 ba su cika ba. A ƙa'idar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, rezistans mai daƙiƙa 10 an yarda zafinsa ya ƙaru da digiri 760. Ba abin da za a bari wuta na bi ba ne.

Ka gaya wa Alhaji kuɗin TC guda ko kusa da na sake naɗin transfo bai kai ba.

Injiniya Hadiza:
Malam ya gama da babban. Ni a kan /5 ɗin nan zan tsaya. Mita 60 zuwa da dawowa 120 ne. Waya 2,5 mm² tana da kusan om 7,4 a kilomita, wato wajen om 0,9. A ampa 5, wayar kaɗai ta cinye VA 22. A ampa 1, ko VA 1 ba ta kai ba. TC mai VA 15 zai ƙoshi, ya daina auna gaskiya, daidai lokacin da ake bukatarsa, kuma 87T na iya yanke wuta kan matsalar da ba a cikin transfo take ba. Koma /1, aji 5P20, wato TC ɗin da kuskurensa ba ya wuce kashi 5 ko wuta ta ninka sau 20. In REF ɗinka mai babban impedans ne, TC huɗun sai rabonsu ya zo ɗaya, ajin PX, wato na nutur ma 500/1. Duba takardar rele kafin ka yi oda.

Ɗan Zariya2:
Na gode Malam, na gode Hajiya. Rele na dijital ne mai ƙaramin impedans, ya yarda da rabo daban-daban. To akwatin rezistans fa, waje ko ciki?

Tsoho Mai Kuran:
Waje, yaro, amma a inuwa, bisa dakali. Kayan nan lissafin digiri 40 anka yi musu, kai ko ka san Afrilun Maraɗi. Ƙurar hunturu kuma tana kwanciya bisa insileta, ruwan farko ya zo ya maishe ta laka. A riƙa hure shi kafin damina.

Ramin ƙasarku, inda anka binne ƙarfen da wuta ka zuba ƙasa ta cikinai, nika ji ma tsoro. Rairayi gare mu, da rani ya bushe ƙayau. In ramin ya kai om 10, an ƙara shi bisa 19 ɗinka, ampa 200 sun koma 130. A auna shi cikin Maris, ba cikin Agusta ba. Kuma a rufe wayar jan ƙarfen da ta tafi ramin da siminti, don in ɓarayi sunka yanke ta, nutur na lilo ba wanda ya sani. In da hali a sa na'urar da ke sa ido kan rezistans ɗin.

Injiniya Hadiza:
Baba ya tuna mini: tsawon kabul ɗin 6,6 kV nawa ne gaba ɗaya? Da ampa 200 ba na jin wutar kapasitans, wadda ke ƙaruwa da tsawon kabul, za ta dame ka, amma turo adadin tare da hoton farantin transfo mu ga impedans ɗinsa, sai a tabbatar ko 5P20 ya isa.