Brian Eno: ta ina ya faro wannan kiɗa mai sanyi?

Maigadi: Salamu alaikum 'yan uwa. Aikin gadin dare nake yi, sai abokina ya turo min Music for Airports na Brian Eno. Ba ganga, ba baiti, sai fiyano da muryoyi a hankali. Wallahi ya sanyaya min rai. Ta ina mutumin nan ya faro?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam, ɗana. Baturen Ingila ne, haihuwar 1948. Ya fara da ƙungiyar Roxy Music, ya bar su a 1973. A 1975 mota ta buge shi. Yana kwance aka kunna masa faifai, sautin ya yi ƙasa har ruwan sama na neman danne shi, ga shi ba halin tashi ya ƙara. Nan ya gane kiɗa na iya zama kamar hasken ɗaki. Wanda kake ji ya fito a 1978. Zaren kaset masu tsawo daban-daban ya bari suna zagayawa, shi ya sa sautukan ke haɗuwa su rabu.

'Yar Damagaram: Sautin kunna Windows 95 ma shi ya tsara. Kuma masoyin kiɗan Fela Kuti ne sosai.

Maigadi: Na gode Baba. Wanne zan bi da shi?

Baban Ummi: Discreet Music, na 1975.